Yadda nake haɗa kundin "rana irin ta yau" ba tare da na sha kunya ba

Shekarar da na fara gabatar da ɗan shirin "rana irin ta yau a tarihi" a wani gidan rediyo, minti uku kacal bayan labaran safe, wani dattijo ya gyara mini zama, kuma har gobe ina yi masa addu'a. Ranar 20 ga Yuli ce. Na gyara murya na ce a rana irin ta yau a 1969 ɗan'adam ya fara taka doron wata. Ban ko ajiye takarduna ba aka ce ana nemana a waya. Tsohon malamin makaranta ne. Ya ce, "Ɗana, ni da kunnena na saurara a akwatin rediyo, ana cikin yi ladan ya kira assalatu, gari ya waye Litinin. Ka koma ka duba takardunka."

Na duba, shi ne da gaskiya. Kumbon Apollo 11 ya sauka kan wata da ƙarfe 9:17 na daren Lahadi 20 ga Yuli agogon Nijeriya da Nijar, amma Neil Armstrong bai sa ƙafa a ƙasa ba sai ƙarfe 3:56 na asubahin Litinin 21 ga wata. A gabashin Amurka a lokacin dare ne na 20 ga wata, su kuma suka rubuta labarin, ni kuma na kwafo. Tun daga ranar na canja yadda nake aiki. In kana son tara irin waɗannan ranaku, ko don rediyo, ko don taron ɗalibai na safe, ko don hirar majalisa kawai, ga yadda nake yi.

Ka sayi babbar rajista mai bango mai ƙarfi, irin ta masu shago, ka ware wa kowace rana shafinta, 366 har da 29 ga Fabrairu. Ni guda biyu na haɗa, Janairu zuwa Yuni, Yuli zuwa Disamba. Mai kwamfuta ya yi jadawali, duk ɗaya ne. Duk labarin da ka tsinta ka rubuta shi da fensir. Kada biro ya taɓa shi sai ka amsa tambaya uku: a ina na gani, da agogon wa aka lissafa, da kalandar wa aka rubuta. Ta farko tana buƙatar wuri biyu waɗanda ɗaya bai kwafi ɗaya ba. A nan mutane ke ruɗuwa, domin shafi goma na intanet masu jimla iri ɗaya shaida ɗaya ce da ta sauya riga sau goma. Tsohuwar jarida da aka buga washegarin abin, ko takardar gwamnati, ko littafin masanin da ya faɗi inda ya samo, su ne masu nauyi.

Maganar agogo ba ta da wuya in ka saba. Duk abin da ya faru da dare a Amurka, ko da sassafe a Japan da Ostareliya, ka yi zargin ranarsa. Damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa an yi shi ne wajen ƙarfe huɗu na asubahin 30 ga Oktoba 1974, don masu kallo a Amurka su gani da daren 29. Kinshasa agogonmu ɗaya, saboda haka a wurinmu 30 ne. Sai kuma tarkon lambobi: Ba'amurke in ya rubuta 3/2/1903 nufinsa 2 ga Maris, mu da Turawan Ingila kuwa 3 ga Fabrairu muke karantawa, wato ranar da sojojin Turawa suka shiga Kano. Kada ka taɓa kwafar kwanan wata da lambobi zalla, ka rubuta sunan watan.

Maganar kalanda ce mai zurfi, kuma a nan ne labaran ban dariya suka fi yawa, don haka bari in daɗe a kanta.

Tsohuwar kalandar Turai, wadda ake jingina wa Julius Kaisar, tana ɗaukar shekara ta fi tsawonta na gaskiya da kimanin minti 11. Abin kamar wasa, amma yau da gobe sai da ya tara kwana goma. A 1582 Paparoma Gregory na 13 ya ce a zubar da su. Mutanen Rum da Sifaniya da Fotugal suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Wata shahararriyar mai hidimar coci, Teresa ta Avila, ta rasu a wannan daren, shi ya sa ake cewa ta cika a daren da ke tsakanin 4 da 15 ga wata. An kuma gyara dokar shekara mai kwana 366: shekarar da ta cika ɗari ba ta samun ƙarin kwana sai in tana rabuwa da 400. Shi ya sa 2000 ta samu 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. In ka ga an rubuta wani abu ya faru ranar 29 ga Fabrairu 1900 a Legas ko London, ka san ƙarya ce tun kafin ka karanta sauran.

Ingila ta ƙi bin Paparoma har shekara 170. Da ta gaji ta bi a 1752, kwanakin sun zama 11: Laraba 2 ga Satumba, washegari Alhamis 14 ga Satumba. Rasha ba ta sauya ba sai 1918, daga 31 ga Janairu suka faɗa 14 ga Fabrairu, wanda shi ne dalilin da ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba ake bikinsa ranar 7 ga Nuwamba. Amfanin wannan a aikinka shi ne duk ranar da ta fito daga Ingila ko ƙasashen da take mulka kafin 1752, ko daga Rasha kafin 1918, tana da fuska biyu. Isaac Newton, masanin lissafin nan, an haife shi 25 ga Disamba 1642 a kalandar garinsu, amma a tamu ta yau 4 ga Janairu 1643 ne. George Washington, shugaban Amurka na farko, an rubuta haihuwarsa 11 ga Fabrairu, Amurkawa kuma 22 ga Fabrairu 1732 suke tunawa. Ni abin da nake yi, in sa labarin a shafi biyun duka, in faɗa wa mai sauraro dalili. Sau da yawa dalilin ya fi labarin daɗi.

Mutanen Suwidin kuwa sun so su fi kowa dabara. Suka ce ba za su zubar da kwanakin lokaci ɗaya ba, za su riƙa tsallake 29 ga Fabrairu a hankali har shekara 40. Suka tsallake ta 1700, yaƙi ya ɗauke musu hankali, suka bar ta 1704 da ta 1708 a wurinsu. Sai ga su ba su tare da masu tsohuwar kalanda, ba su tare da masu sabuwa. Sarkinsu ya ce a koma gidan jiya, aka mayar da kwanan da aka cire, Fabrairun 1712 ya yi kwana 30. Akwai kuma Alaska: da Rasha ta sayar wa Amurka ita a 1867, an sauya mata kalanda da ɓangaren layin raba kwana (layin da ke kan taswirar duniya inda kwanan wata ke canjawa) lokaci guda, sai Juma'a 6 ga Oktoba ta wayi gari Juma'a 18 ga Oktoba. Juma'a biyu a jere. Tsibirin Samoa kuma akasin haka ya yi a 2011, don kwanansa ya dace da na abokan cinikinsa Ostareliya da New Zealand: daga Alhamis 29 ga Disamba suka tsallaka Asabar 31, Juma'ar ta ɓace. Duk shekara in na karanta wannan sai wani ya bugo yana tambayar hukuncin sallar Juma'ar, ni kuma in tura shi wurin malamai.

Sai tamu ta gida. Tarihin ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa da kalandar Hijira malamai suka rubuta shi, ita kuma shekararta kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Don ƙiyasin gaggawa, ka raba shekarar Hijira da 33, ka cire abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. Misali rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1232: in ka raba da 33 za ka samu 37, ka cire saura 1195, ka ƙara 622, ya ba ka 1817. Daidai ne, ya rasu 3 ga Jimada Sani 1232, wanda ya yi daidai da 20 ga Afrilu 1817. Wannan lissafin shekara kawai yake ba ka, wani lokaci ma ya kuskure da ɗaya. Don samun rana sai ka yi amfani da manhajar juya kwanan wata, amma ka riƙe abu biyu a ranka. Manhajar lissafi take yi, kakanninmu kuwa ganin wata suke bi, don haka saɓanin kwana ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne. Sannan a lissafin Musulunci dare ke gaban yini: "daren Juma'a" a bakin malami shi ne daren da Bature zai rubuta Alhamis.

Abin da ke raba gardama shi ne sunan rana. Malamanmu sukan rubuta "ranar Lahadi" ko "daren Litinin" tare da kwanan wata, kuma Bahaushe ba ya wasa da sunan rana, ai shi ya sa muke da Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai. In rubutu ya ce Litinin, manhaja ta ba ka Talata, ka ja kwana ɗaya baya ka bi rubutun. Haka nake gwada ranakun Miladiyya ma da kalandar dindindin da ke cikin waya. 1 ga Oktoba 1960 Asabar ce. 13 ga Fabrairu 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala, Juma'a ce. Duk wanda ya kawo maka labari ya haɗa waɗannan da wata rana daban, ka sa alamar tambaya a kan sauran maganarsa.

Kuma dole ka zaɓi kalandar da za ka yi zagayowar da ita, ka faɗa. Rasuwar Shehu tana zagayowa 20 ga Afrilu a wannan, 3 ga Jimada Sani a waccan, su biyun kuma ba sa sake kusantar juna sai bayan kimanin shekara 33. Wannan gibin ne ya sa aka shiga sabuwar shekarar Musulunci sau biyu a cikin 2008, ta 1429 a Janairu, ta 1430 a ƙarshen Disamba.

Akwai wani bambanci da ba a cika lura da shi ba: ranar da abu ya faru daban, ranar da aka rubuta wani abu game da shi daban. Bishiyar Tenere a Nijar, wadda ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma ke yin alama da ita, ita kaɗai tilo a tsakiyar rairayi, tafiyar kwanaki a raƙumi babu 'yar'uwarta, wani direban babbar mota ya samu ya buge ta a 1973. Sahara duk faɗinta bai ga inda zai bi ba sai kanta. Ranar da ake ambata, 8 ga Nuwamba 1973, ta kai busasshiyar bishiyar gidan tarihi na Yamai ce. Don haka a shafin 8 ga Nuwamba abin da na rubuta shi ne "aka kai ta Yamai", ba "aka buge ta" ba. Kalma ɗaya ce, amma ita ce tsakanin gaskiya da shaci-faɗi.

Ƙarin gishiri kuwa ya fi manne wa labarin da ya fi daɗi. Za ka sha karanta cewa a 1752 talakawan Ingila sun yi bore suna neman a mayar musu da kwanakinsu 11. Masana tarihi sun bi sawun maganar, suka ga ta samo asali ne daga wani zanen barkwanci na siyasa, ba daga wani bore ba. Ya yi shekara biyu a rajistata da fensir kafin in goge. Ka'idata ita ce, in labari ya yi daɗi fiye da kima, shaida uku nake nema maimakon biyu.

To, wanne za ka zaɓa in shafi ya cika? Haihuwar sarakunan Turai da ranakun sa hannu kan yarjejeniya ba sa hana kowa kurɓar kokonsa. Ni labarin da nake nema shi ne wanda mai shayi zai iya maimaita wa mai faci da rana ba tare da ya duba takarda ba. Irin na 27 ga Agusta 1896 a Zanzibar: Sarki Hamad ya rasu kwana biyu kafin nan, Khalid bin Barghash ya hau gado ba da yardar Turawan Ingila ba, suka ba shi wa'adin ƙarfe 9 na safe ya fita daga fada, ya ƙi, jiragen ruwansu suka buɗe wuta, kafin minti 45 an gama. Shi ake kira yaƙi mafi gajarta a tarihi. Amma kada dariya ta sa ka manta cewa mutanen Zanzibar kimanin 500 ne aka kashe ko aka jikkata, a ɓangaren Ingila kuwa mutum ɗaya ya ji rauni. Ina faɗin wannan adadin kowace shekara, kuma muryata takan sauka a wurin.

Wasu kuwa dariya ce zalla. Ranar 18 ga Afrilu 1930 mai karanta labaran dare na BBC ya shaida wa masu sauraro cewa yau babu labari, aka cike lokacin da kiɗan piyano. Nakan haɗa shi da 13 ga Maris 1957, ranar da sashen Hausa na BBC ya fara aiki, in ce tun daga ranar ba a taɓa rasa abin faɗa ba. Ranar 2 ga Nuwamba 1932 sojojin Ostareliya suka fita da manyan bindigogi biyu masu sarrafa kansu don yaƙar emu, wani tsuntsu ɗan'uwan jimina, da suka kai kimanin 20,000 suna cinye gonakin alkama. Tsuntsayen suka watsu ƙungiya-ƙungiya, harsashi ya yi ta tafiya a banza, cikin mako guda aka janye sojojin. Manomin da jan-baki ya taɓa sauka a gonarsa ta gero ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Wannan shi ne sirrin: ka nemo wutsiyar labarin da ta taɓo gidan mai sauraro. In babu ita da gaske, kada ka ƙirƙira, ka ba da labarin a inda yake.

Misalin da wutsiyar ta fito da kanta shi ne canjin hannu. Ranar Lahadi 3 ga Satumba 1967, da ƙarfe 4:50 na asuba, duk motar da ke kan titi a Suwidin ta tsaya, ta lallaɓa ta koma hannun dama, ƙarfe 5 aka ci gaba da tafiya. Nijeriya ta yi nata ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, Ghana ta biyo baya 4 ga Agusta 1974, babban dalili kuwa maƙwabta irin su Nijar da Kamaru da Benin duk dama suke bi. Ranar 2 ga Afrilu ba na wahalar neman abin faɗa, tsofaffin direbobi ne ke cike mini shirin.

Akwai ranakun da nake ajiye barkwanci gefe. A shafin 15 ga Janairu ina da labarin birnin Boston na 1919: wata ƙatuwar tankin baƙin romon rake mai danƙo, irin wanda ake gani kafin mazarƙwaila ta daskare, ta fashe, galan sama da miliyan biyu ya malalo kan titi, mutum 21 suka mutu. Labari ne mai ban al'ajabi, amma ban taɓa karanta shi a ranarsa ba. 15 ga Janairu a wurinmu ranar da aka kashe Sardauna ce a 1966, ranar da aka ɗauke Tafawa Ɓalewa, kuma ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a hukumance a 1970. Ka san garinku. Kafin ka zaɓi labarin nesa, ka duba ko ranar tana da makoki a gida.

Wajen rubutawa, jimla huɗu ko biyar sun isa: rana da shekara da wuri, abin da ya faru, dalilinsa, sai abu ɗaya ƙarami da zai manne a kai. Ka lissafa shekarun da suka wuce da kanka kowace shekara, domin "shekara 50 ke nan" da ka rubuta bara ta zama 51. Sunayen baƙi ka gwada furta su da ƙarfi tun da dare. Ka karanta wa wani a gida, in ya ce "sai kuma me?", labarin bai nuna ba.

Shafukan da suka fi ba ni wahala su ne na gida, domin tsofaffinmu da aukuwa suke lissafi, ba da kwanan wata ba: shekarar Kakalaba, shekarar canjin kuɗi, lokacin Udoji. In dattijo ya ba ka irin wannan, ka tambaye shi damina ce ko rani, kafin Sallah ko bayanta, wace rana ce kasuwar garinsu ta ci, wa ke sarauta. Da waɗannan za ka matse shekara ta koma wata, wani lokaci har mako. Naira da kwabo sun fara aiki 1 ga Janairu 1973, husufin rana da ya duhunta Katsina da Maraɗi ya faru 29 ga Maris 2006, jiragen sama na farko guda uku sun sauka Kano 1 ga Nuwamba 1925. Irin waɗannan turaku ne da za ka ɗaure sauran labaran a jikinsu.

Wanda na fi so a rajistar duka yana shafin 3 ga Oktoba. A 1962, kusa da Zagami a ƙasar Katsina, wani manomi yana korar hankaki daga gonarsa ya ji ƙara, sai ga dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito, kuma yana cikin manyan duwatsun Mars da aka taɓa tsinta a doron ƙasa. An yanyanka shi, gutsattsarinsa na ɗakunan bincike da gidajen tarihi a ƙasashe da dama. Wannan da biro na rubuta shi, na ja masa layi biyu.

A ƙarshen rajista ta farko kuma na liƙa ƙarin takarda ɗaya, na rubuta 30 ga Fabrairu a samanta. Labari ɗaya ne a kai, na Suwidin, kuma da yake ranarsa ba ta zuwa, ranar 1 ga Maris nake karanta shi.